Gemun Asabar

Asabar, 3 ga Mayu
Aski wajen Baba mai aski, kamar kowace Asabar. Tun ina saurayi shi ke riƙe da kaina da haɓata, ban taɓa kai su wani shago ba. Yau reza ta ɗan taɓa ni a ƙarƙashin kunne. Ya ce ni na motsa. Ban motsa ba, amma ni na ba da haƙuri. Hira kuwa, sai da cikina ya ƙulle don dariya.

Asabar, 10 ga Mayu
Na kalli hannun Baba ta madubi. Rawa yake yi. Da kilifa, injin aski, ba laifi, reza ce matsalar. Benci ba kowa. Ashe tela da direban da muka saba haɗuwa a nan duk sun koma shagon samarin bakin titi, mai talabijin. Marasa kunya.

Talata, 13 ga Mayu
Maman yara ta ga sabon yanka a wuyana. "Malam, so kake ka bar ni da marayu saboda kara?" Ƙanwarta malamar Turanci tana nan, ta sa baki: wai a Turanci kalma ɗaya ce, "shake", ake amfani da ita ga rawar hannu, da girgiza kwalbar magani, da musabaha, har da wani abin sha na madara. Na ce su ta shafa, ni dai maƙogwaro ɗaya gare ni. An sha dariya. Amma maman yara ta fi ni gaskiya.

Alhamis, 15 ga Mayu
Na bi ta ƙofar shagon samarin. Na leƙa, na wuce.

Asabar, 17 ga Mayu
Ban je ko'ina ba. Na ce mura nake yi. Yini guda raina ba daɗi, don na san Baba ya goge kujera yana jira.

Asabar, 24 ga Mayu
Na je wajen Baba. Kafin ya ɗauko reza na ce, "Baba, suma kawai za a rage. Gemu zan tara." Ya daɗe yana kallona ta madubi.
"Kai da ka ce gemu ƙaiƙayi yake sa ka?"
Na ce girma ya zo. Ya mayar da rezar aljihun tebur, ya rufe, ya ɗauko mataji.

Asabar, 14 ga Yuni
Gemun ya fito, rabinsa furfura. Ƙaiƙayi kamar in yi kuka. Maman yara ta ce na zama tsintsiya, amma da kanta ta sayo min man shafawa.
Baba ya taje shi, ya shafa mai, ya ja da baya yana kallo. Sannan ya ce jiya ɗansa ya zo da maganar a rufe shagon, ya huta a gida.
"Na ce masa a'a. Ina da mai gemu duk Asabar, ba wanda ya iya gyara masa sai ni."
Na ce gaskiya ne, Baba.
Gemun ma na ga kamar ya fara yi min kyau. Zan bar shi.