Rigar Lauya a Hannun Baba

Daren Talata, Zango

Yau dai na ja Baba zuwa kotu kallon shari'a. Tun da na gama lisans, wato digirina na farko a shari'a, yake cewa karatun ya isa haka, in dawo shagon atamfa. A wurinsa lauya da ƙarya yake cin abinci, kuma ɗan Zango ba ya kai ƙara sai gaban malamai. Ni kuwa da sauran digirin mastar a gabana, da jarrabawar shiga aikin lauya. Ba zan tsaya a rabi ba.

Lauyar da nake koyon aiki a wurinta ta tsaya wa wata mai fasa dutse ta unguwar Pissy, wadda ake neman ƙwace wa fili. Da Faransanci ake shari'ar, Baba kuwa ba ya jin sa sosai, amma ko motsi bai yi ba har aka tashi.

Da muka fito, lauyar ta cire baƙar rigarta ta ba ni riƙo. Sai Baba ya kama gefen rigar yana murzawa, yadda yake yi wa kaya a shago.

Ya ce, "Wannan yadin zai dafa mutum. Taki ni zan zaɓo miki."

Bai ce ya yarda ba. Amma na san Baba, ba ya zaɓen yadin da ba za a ɗinka ba.