Inna, Mu Muka Zaunar da Ke

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Hajara ta Garo. Bayan gaisuwa mai yawa, cikin ladabin da kika rene mu a kansa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma shekara tara ke nan da rasuwarki, kuma akwai maganar da ta tokare min ƙirji, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Bari in fara ba ki labarin gida. Alhaji, surukinki, ya bi bayanki shekara uku da suka wuce. Yara duk sun kama gabansu, Rabi da ƙaninta suna Kano, autan yana Kaduna. Ni kaɗai ce a gidan nan na Gwarzo, ɗaki huɗu, in dafa gwangwani ɗaya na shinkafa ya kai ni gobe. Suna kira kullum, Allah Ya yi musu albarka. Sai dai waya ba ta miƙo wa mutum hannu idan zai tashi.

Inna, ni ma na faɗi.

Da daminar bara abin ya fara. Idan na ɗago daga sujada, ko na juya a kan gado, sai ɗakin ya ɗauki juyawa da ni. Na ɓoye wa kowa, ina cewa gajiya ce. Wata Talata da hantsi na sunkuya zan ɗauki buta a bakin rijiya, ban san yadda aka yi ba, sai ga ni kwance a kan siminti. Ban karye ba. Amma na daɗe a wurin, kaji suna kiwo kusa da kaina, na buɗe baki zan yi kira, na rasa sunan wanda zan kira. A kwancen nan ne kika faɗo min a rai.

Kin tuna faɗuwarki ta farko? A ƙofar bayi ne, santsin ruwan alwala ya kwashe ki. Gwiwa kawai kika goge. A lokacin kin haura saba'in, amma kina zaga Garo da ƙafarki, gida gida, kina biya wa matan aure karatu. Kafin azahar kin shiga gida biyar, kin dawo da labarin wadda ta haihu da wadda ta kai izu goma.

Muka taru, ni da ƙannena, muka yanke cewa kin gama fita. Aka kawo miki kujera ki dinga salla a zaune. Aka ajiye miki fo a ɗaki don kada ki je bayi. Aka ce mai son karatu ta zo ta same ki. Ni ce na ɗauke takalmanki na tura su ƙarƙashin gadon ɗakin baƙi, da hannuna. Kika dube mu ɗaya bayan ɗaya, kika ce, "Kun ɗaure ni babu igiya." Muka yi dariya. Mun ɗauka tausayi muke yi.

Ɗalibanki suka dinga raguwa, don ba kowace mace ce ke samun fita ba. Duk zuwan da na yi, ina samun ki a kujerar nan, fuskarki tana kallon ƙofa. Cikin wata takwas ƙafafunki suka sirance, har zani ya dinga yi miki yawa. Faɗuwa ta biyu kuwa a cikin ɗakin da muka ce shi ne kariya ta same ki, tsakanin gado da kujera, taku uku, bakin tabarma ya harɗe ki. Ƙugu ya karye. Ba ki sake tsayuwa ba har Allah Ya karɓi abinSa. Muka ce ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce. Da wannan na rarrashi kaina shekara da shekaru.

Bayan tawa faɗuwar, Rabi ta zo ta kai ni asibiti a Kano. Likita ya auna jinina, ya duba idona, ya tambayi magungunan da nake sha, sannan ya tura ni sashen gashin ƙashi. Ni da na ɗauka wurin na waɗanda suka karye ne, ko masu shanyewar ɓarin jiki. Wata matashiya muka samu, ba ta ma kai Rabi shekaru ba. Ta ce akwai wasu 'yan ƙwayoyi kamar yashi a can cikin kunne, idan suka goce daga mazauninsu, su ne ke sa duniya ta juya wa mutum. Ta kwantar da ni, ta riƙe kaina da hannu biyu, ta juya shi nan, ta dakata, ta juya shi can. Jiri ya taso min har na damƙi rigarta ina salati. Zuwa biyu na yi, jirin ya bar ni.

Sai ta ce saura ƙafa. Ta sa in tashi daga kujera ba tare da na dafa komai ba. Inna, na kasa. Ni da nake ɗaukar tulu daga rijiyar bayan gari ban huta a hanya ba. Ta koya min in dinga tashi ina zama sau goma, safe da yamma. In tsaya da ƙafa ɗaya ina dafe da bango. In yi tafiya a kan layi, diddige yana taɓa yatsu. Ta ce a kafa min ƙarfen dafawa a bangon bayi, a naɗe tabarmin da ke kan hanya, a sa fitila a lungu, in rabu da silifas ɗin da suka suɗe.

Rabi ta tambaye ta, cikin ladabi, ko ba gara in zauna wuri ɗaya in huta ba, kada in sake faɗuwa. Muryata ce na ji a bakin 'yata. Matashiyar ma'aikaciyar ta girgiza kai, ta ce, "Tsoro ne ke zaunar da tsoho, zaman ya cinye masa ƙarfin ƙafa, rashin ƙarfin ya kayar da shi. Ku riƙe ta ta yi tafiya, kada ku hana ta."

Hawaye suka zubo min. Ta ɗauka wani wuri ne ke min ciwo, ta dinga ba ni haƙuri. Na kasa gaya mata cewa amsar da ta bayar ta makara da shekara goma.

Na dawo gida na kama yi. Ina ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, don in ji murya a gidan, ko da tawa ce. Wata rana in kai bakwai in zauna ina haki. Ranar da na fara yin sallar la'asar a tsaye, raka'a huɗu cif, na sallame na waiwaya ina neman wanda zan gaya wa. Babu kowa sai labule. Yanzu ina zuwa kasuwa da ƙafata, a hankali, ina bin gefen hanya.

Akwai wani labarin kuma. Ƙanwarki, Iya Abu ta Kara, ta faɗi da rani. Na je dubiya, ina ɗaga labule na ga kujera, na ga fo a lungu, na gan ta tana kallon ƙofa. Ranar na yi wa babban ɗanta magana irin wadda ban taɓa yi wa namiji ba. Ya ji haushi, ya ce so nake in karya masa uwa. Ban tashi ba sai da ya yarda ya kai ta a duba ta, a kuma koya musu abin da ya dace da jikinta.

Tun daga nan, duk Juma'a ina hawa mota in je. In tsaya a gabanta, ta riƙe hannuwana, ta tashi, ta zauna. Tana mita, tana cewa na mayar da ita yarinya mai koyon tatata. Juma'ar da ta wuce muka taka har zaure. Ta leƙa waje, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe har dawa ta fitar da kai." Can kuma ta ce, "Da Yaya ta sami wannan..." Ba ta ƙarasa ba. Hannunta irin naki ne, Inna, har kaushin tafin. Na riƙe shi fiye da yadda take buƙata.

Ki yafe min. Ba da mugunta muka yi ba, da ƙauna muka yi, ƙaunar da ba ta da sani. Na san da kina nan za ki ce in daina kuka, kwana ne ya ƙare. Duk da haka ina son ki yafe min.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi iyakar ganinki. Ya sa kowane harafi da kika biya wa matan Garo ya zame miki sadaka mai gudana. Ya tabbatar da dugaduganki a kan siraɗi, Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Wassalam.

Ni ce 'yarki ta fari, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta har kika koma ga Allah,

Hauwa.