Na Gama Digirin, Ya Modu

Mairi, Maiduguri
Laraba, mako biyu kafin azumi

Ya Modu,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma yau kai kaɗai nake son faɗa wa. Shekara talatin da huɗu ke nan da ka same ni a jami'a ka ce in tattara kayana, Baba ya rasu, shagon yadinmu na Kasuwar Kwastam ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Saura mini shekara ɗaya in gama. Ban manta ba, kai ma ka san ban manta ba.

To ga labari: na gama. Digiri a fannin tarihi, da sunana a jiki, da furfurata da komai. Tun safe nake buɗe takardar ina rufewa.

'Yarka Yagana ce ta kawo maganar. Malama ce yanzu, har aji biyu take riƙewa. Ta ce akwai jami'ar karatu daga gida da ba ta tilasta wa mutum zaman aji. In ka san darasi ka zauna jarrabawarsa, in ka ci an wuce wurin. Dariya na yi mata. Ƙasar da ta ba masu kwafar amsata kujerun ofis, ni ta bar ni da awon shadda, me za ta ba ni yanzu? Amma na je.

Da ma ka ga ɗakin jarrabawar. Duk sa'o'in 'ya'yanmu ne, har mai gadi ya tare ni wai iyaye a waje suke jira. Tambayar farko a kan daular Borno ce. Nan take na hau rubutu cike da murna. Ashe littattafan nan da nake karantawa a bayan bandiran yadi, waɗanda kake cewa suna kore mana masu saye, suna nan daram a kaina. Darasi bayan darasi na riƙa ci ba tare da na zauna gaban malami ba. Na kwamfuta ne kaɗai ya kayar da ni, har sau biyu, sai da Yagana ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya.

Daga ƙarshe suka nemi shaidar shekaru ukun da na yi a da. Na ce babu, domin na yayyaga ta na watsa maka a ƙafa ranar da na fara zaman shago. Washegari Yagana ta kawo mini ita daga akwatinka na ƙarfe a gidanka na unguwar Bulabulin, an harhaɗa ta da salatif, har salatif ɗin ya yi ja. Yaushe ka tsince ta? Me ya hana ka faɗa mini?

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. A asibiti ka kama hannuna ka ce in yafe maka. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Duk ɗan garin nan ya san wannan ba amsa ba ce, kauce wa amsa ce. Ka gane, ka saki hannuna a hankali. Da liman ya roƙi jama'a su yafe maka a wurin jana'iza, baki kawai na motsa.

Na yafe maka, Ya Modu, da sunanka, ba a cikin taro ba.

Ranar Asabar za a yaye mu. Zan sa doguwar rigar nan da hula mai tuntu, Yagana ta ce sai ta yi guɗa ko an hana. Aikin koyarwa kuwa ya wuce ni, shekaruna sun haura; ajin da na so in tsaya a gabansa ba zan tsaya ba. Kai kuma yau shekara huɗu da binne ka, ka tafi ba ka ji na yafe ba.

Allah ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Baba a inuwa ɗaya.

Ƙanenka da ya makara,
Bukar