Ni na kashe injin jirgin, amma Usta ke ɗauke da laifin

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana, don mutanen unguwarmu ta Hindawiyya ko tarina suka ji a bayan katanga sun san ni. Don Allah ku ba ni shawara, zagi ma in kun ga dama ku haɗa da shi, na ci.

Ni dattijo ne, na haura sittin da 'yan kai, a nan Makka aka haife ni, kakana ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano ya zauna. Karatuna aji uku ne, shi ma malamin ne ya gaji kafin ni, don haka in kun ga rubutu ya karkace ku miƙe shi da kanku. Rayuwata duk a tuƙin bas na yi ta, daga tashar Kudai zuwa Harami, lokacin hajji kuma Arfa da Muzdalifa. Halina ɗaya da kowa ya sani shi ne tsokana. Ni ne mai zuba gishiri a shayin mutane, ni ne mai ɓoye takalmin liman. Furfura ta fito amma halin bai fita ba.

Ina da aboki, bari in kira shi Usta kamar yadda kowa ke kiransa, bakanike ne, yana da warsha, wato garejinsa, a unguwarmu. Tun muna yawo ba takalmi muke tare. Shi mutum ne mai shiru, ni nake maganar mu biyu. Da na ajiye tuƙi sai ya ja ni cikin wata ƙungiya ta masu ƙananan jiragen sama, irin wanda ake sayo kayansa a akwatuna mutum ya haɗa da hannunsa. Ba a tashi a saman Makka, don haka can wajen gari muke zuwa, wani fili a sahara ta ɓangaren teku. Mu tara ne, akwai Larabawa, akwai mu. Shekara uku muka yi muna haɗa namu a bayan warsha, mai kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Shi ya haɗa inji da komai, ni aikina miƙa sifana da surutu. Takardar tuƙi kuwa sau uku ina faɗuwa jarrabawar rubutu kafin na samu, amma da aka ba ni sandar tuƙi a sama, shugabanmu da muke kira Kaftin, tsohon matuƙin manyan jirage, ya ce hannun direban bas bai ɓata ba. Shi Usta bai nemi takarda ba, ya ce ya fi son ya zauna a baya yana sauraron injinsa.

Muna da dokoki biyu. Wanda ya yi wasa a sama ya bar fili har abada. Ta biyu kuma Usta ne da kansa ya kawo ta, cewa duk injin da ya mutu a sama, wanda ya yi aikinsa ba zai ƙara taɓa jirgin kowa ba sai ya gano dalili ya tsaya gaban jama'a ya faɗa.

Wata biyar da suka wuce, ranar Asabar bayan asuba, muka tashi ni da shi. Iska lafiya lau, muna daidai saman fili, ina jin sa ta abin kunne yana yabon karar injin kamar mai yabon jikansa. Sai shaiɗanina ya motsa. Na ce a raina bari in ji yau ko mai shirun nan ya iya ihu. Makunnin injin yana gefen gwiwata, daga baya ba a ganinsa. Na kashe. Farfela ta tsaya cak a gabanmu. Niyyata in ƙirga goma in tayar, in yi ta dariya har mu sauka.

Bai yi ihu ba. Kalmar shahada ya yi a hankali, sannan na ji ya ce, "Ɗan'uwa ka yafe mini. Aikina ne. Ni na mayar da 'ya'yanka marayu."

Jama'a, hannuna yana kan makunnin, wallahi na kasa murɗawa. Ta ina zan fara dariya bayan wannan magana? Kunya ta rufe ni, sai na zaɓi abin da ya fi muni, na bar injin a mace na zagayo da jirgin na sauke shi a kan fili haka nan, don mun sha koyon irin saukar. Kafin mutane su iso na mayar da makunnin inda yake. Suka zo da gudu, wannan ya rungume ni, wancan ya sumbaci kaina, Kaftin ya ce a shekarunsa bai ga sauka mai tsafta haka ba. Usta ya fito ya yi sujada a kan yashi, ya tashi ya riƙe fuskata da hannu biyu yana hawaye. Na ce a raina gobe zan gaya masa. Goben nan ce har yau.

Washegari ya yanka rago ya raba a unguwa. Ya ja ni Harami muka yi ɗawafi, ina jin sa a gefena yana ambaton sunana yana roƙa mini Aljanna, ni kuwa ina kallon ƙafafuna. Duk wanda ya shigo warsha sai ya ba shi labarin jarumtata, har matarsa ta aiko wa tawa turare.

Injin kuwa sau uku yana kwance shi noti bayan noti. Ya canja filogi, ya canja tiyon mai, ya wanke tanki, ya ɗora shi a kan benci ya yi ta gudu awa da awanni ba ko tari. Maimakon hankalinsa ya kwanta sai abin ya ƙara cin sa, wai laifin da ba a gani ya fi haɗari. Na ce masa ƙila datti ne ya wuce, mu manta, ya ce datti ma ai wani ne ya bar shi ya shiga. Na roƙi Kaftin a ɗage masa dokar, Kaftin ya yarda, Usta ya ƙi, wai dokar da ya kafa ba za ta fara karyewa a kansa ba. Yanzu ko birkin mota aka kawo sai ya tura wa wani garejin. Mutumin da ke gane ciwon inji daga bakin titi, na gan shi ya ɗaure noti ya kwance ya sake ɗaurewa, yana kallon yatsunsa kamar na aro. Ya rame, hawan jininsa ya tashi, likita ya ce a guji abin da zai tayar masa da hankali.

Satin jiya ya zaunar da ni ya zuba mini shayi, ya ce tunda ni ne a gaba in tuna da kyau, injin tari ya fara yi ko shiru ya yi lokaci ɗaya. Ga ƙofa a buɗe, amma bakina ya ce tari. Ya ɗauko littafinsa ya rubuta, ya ce na gode, wannan zai taimaka. Na fito na zauna a mota na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Uwar 'ya'yana kaɗai na gaya wa. Da ta ji sai ta ce shekara arba'in tana jiran ranar da wasana zai ci mutum. Ita a ganinta in yi shiru in yi ta istigfari, don in ya ji zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, kuma in ta ɗauka ma ba zai ƙara kallona ba. Ni kuma ina ganin shirun nawa ne ke kashe shi a tsaye. Korar da za a yi mini daga fili ba ta dame ni ba, dama tun ranar ban ƙara jin daɗin sama ba. Shi nake tsoron rasawa, ba ni da wani aboki, sauran duk 'yan dariya ne.

Abin da ya sa na rubuto yau, jiya ya kira ni ya ce Asabar mai zuwa zai tsaya gaban jama'a ya faɗa cewa bai gano dalili ba, hannunsa ya tsufa, ya miƙa wa Kaftin akwatin kayan aikinsa a ba mai buƙata, warshar ma zai rufe. Ya ce ni yake so in ɗauke shi a mota, kuma in tsaya kusa da shi don kada muryarsa ta karye.

Saura kwana huɗu. In same shi a gida in faɗa masa mu biyu? In bari sai ya miƙe a fili in riga shi magana a gaban kowa, don a gaban kowa na ɓata masa suna? Ko in bi maganar matata, in ɗaukar masa akwatin da hannuna in kai? Masu ilimi a cikinku ku gaya mini, idan gaskiya za ta iya kwantar da mutum asibiti, ƙarya kuma tana cin sa kullum, wacce ake zaɓa masa?