'Yata Ta Daina Kula Ni Saboda Kawo-Nan

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara. Amma tun yanzu in faɗa miki, idan cewa za ki yi in yaga littafina, ki riƙe amsarki. An riga ki faɗa a gida, ban ji ba.

Ni malamar kimiyya ce a firamare, ina kuma taɓa rubuta labaran yara. A hutun da ya wuce na kai babbar 'yata sansanin kimiyya. Shekararta sha ɗaya, kanta na ja, amma ba ta iya ganin abu a hannun wani ba. Aka ba rukuninsu aikin haɗa matatar ruwa da gorar roba, yashi, tsakuwa da gawayi, aka naɗa ta shugaba. To fa! Yaro ya ɗauki almakashi, sai ta ce kawo nan. Wata ta ɗebo yashi, kawo nan. Kafin a je ko'ina sunanta ya koma Kawo-Nan. Daga ƙarshe yaran suka haɗa baki, suka ɗaga hannu suka sauke ta, suka ba ta wankin tsakuwa. Ta dawo gida ta faɗa jikina tana kuka, ta zayyane mini komai. Na rarrashe ta, amma a raina na ce yaran nan sun yi daidai.

Sai na zauna na rubuta labarin. Anti, ba yabon kai ba, ban taɓa rubuta abu mai kyansa ba. Na gaji da littattafan da shugaba yake zama ɗan baiwa, kowa na bin sa yana tafa masa. A nawa, yarinyar tana tsugune gaban bokiti tana cika tana batsewa, har ta lura ruwan na fitowa baƙi saboda ba a ɗauraye gawayin ba. Dole ta koyi yadda za ta faɗa ba tare da ta fizge ba. Edita ya karɓa hannu bibbiyu, muka sa wa littafin suna Kawo-Nan. Mai zane ya yi wa yarinyar tabarau da wushirya. E, ni na ce ya yi hakan, domin kamannin 'yata ke nan, haka nake ganinta a idona.

Na bar shafukan gwajin littafin a kan teburin cin abinci, 'yata ta gani. Tun ranar ta ɗauke mini wuta. Gaisuwa kawai, ita ma a ciki-ciki. Ta kwashe aikin gidanta ta koma ɗaki, ta fita daga ƙungiyar kimiyya ta makaranta. Babanta ya ce in haƙura da littafin. Yayata ta kira ta wanke ni tas, wai na tona wa 'yata asiri. Wane asiri? Duk sansanin sun gani! Ƙarya na yi mata? Ban ma sa sunanta ba. Kuma sai yaushe za a daina lallaɓa yara kamar ƙwai? Edita yana jiran amsata kafin a shiga ɗab'i, ni kuwa na yi tsayuwar daka. Amma shirun nan nata yana cin raina, ba zan ɓoye miki ba.

Malama Mai Taurin Kai

*

'Yar'uwa, kin zaɓi sunan da ya dace da ke, kuma na ga inda yarinyar ta gado hali.

Ba zan ce ki yaga ba. Kina da gaskiya a kan labarin. Yara suna bukatar su karanta cewa ana iya sauke shugaba, kuma ya ci gaba da amfani a rukuni. Kada ki taɓa saukewar, kada ki taɓa bokitin.

Amma zancen ba ki sa sunanta ba, ki daina yaudarar kanki. Sunan da aka yi mata dariya da shi kika ɗora a bango, kika ƙara da tabarau da wushirya. 'Yan ajinta ba sai sun buɗe shafin farko ba. Kuma ba a sansanin kika ga abin ba, a jikinki aka kawo miki shi da hawaye. Uwa ta ba wa labari, ba marubuciya ba. Ke kuwa kika ce kawo nan.

Ga abin yi. Ki kira edita yau ki ce ya dakata. A sauya suna, a sauya zane, aikin ma ya tashi daga matatar ruwa ya koma wani. Ke malamar kimiyya ce, ba za ki rasa ba. Sannan ki same ta a ɗakinta ki ba ta haƙuri. Haƙuri zalla, ba wanda ake bin sa da amma ba, kuma kada ki shiga da shafukan a hannu. Idan ta huce, ki tambaye ta ko za ta karanta sabon, ki gaya mata tana da ikon cewa a'a, kuma ki cika alkawarin.

In ta ce a'a, ki ajiye shi, ko da zai ƙona miki rai. Littafin zai jira ki shekara nawa ne ma. Yarinyar kuwa tana gab da shekarun da za ta gamu da abin da ya fi wankin tsakuwa ciwo, kuma a yanzu take yanke shawarar ko ke za ta kawo wa kukanta.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa wata rana ku karanta shi tare kuna dariya.