Rigar Sanyin Noelene Da Ɗan Wombat

Kelvinford, Tasmania
Ran Talata

Noelene tawa,

Gaisuwa mai yawa daga mijinki, namijin duniya. Ya gwiwar taki? Ina fata kina shan maganin, ba tukunyar fure kike juye wa ba. Ki gaida ƙanwarki Beryl, kice mata har yanzu ina da rai, tayi haƙuri.

Na iso! Garin nan shiru kamar coci ran Litinin. Naga gadar dutsen da fursunonin Ingila suka gina, na faɗa wa kowa a mashaya cewa kakan kakana ne ya ɗora rabin duwatsun. Mai mashayar, Misis Tuckwell, tace, "To ɗaya rabin da bai karkace ba fa, wa ya ɗora?" Kinji mata!

Amma ga babban labari. Ɗazu da safe ina hanyar tsohon kurkuku sai naga wombat, dabbar dajin nan mai goyon ɗanta a jakar ciki, a bakin titi, mota ta kashe ta. Babu jan fentin da ake shafa wa wadda aka duba a jikinta, ke nan ba wanda ya duba jakar cikinta ko da ɗa. Na sauka na laluba ta sama irin ta kangaru, ba komai. Har na juya zan tafi sai naga 'yar ƙafa tana motsi tsakanin ƙafafunta na baya. Ashe tasu jakar baya take kallo! Noelene, ɗa ne, bai fi dankali ba, ko gashi bai gama ba, jikinsa sanyi ƙalau.

Kin tuna rigar sanyin nan ruwan ɗorawa da kika saƙa min, wadda nace hannu ɗaya yafi ɗaya tsawo, na rantse bazan saka ba? A ciki na naɗe shi, na cusa a ƙirjina. Na faɗa mashaya ina ihu a kawo madarar shanu. Misis Tuckwell ta fisge kofin madarar da aka miƙo min. "Kai sarkin surutu, kashe shi zakayi? Ɗumi kawai da shiru, kar ka bashi komai sai Rhonda tazo!"

Rhonda ce mai rainon marayun dabbobi a nan, ita ke da madarar da yake sha, kuma ruwa ya shanye titin gonarta. In bata iso da wuri ba mun rasa shi. Ki sa mu a addu'a.

Naki har kullum,
Clarrie

Ran Laraba

Masoyiyata Noelene,

Da fatan kin tashi lafiya, da gwiwar, da Beryl ma dai.

Ki zauna kafin ki karanta wannan. Ni Clarrie, jiya na wuni gaban murhu ban ce uffan ba! Tsofaffin garin suka riƙa leƙowa suna raɗa, "Har yanzu bebe ne?" Ban kula su ba, hankalina na kan numfashin ɗan nan. Can da la'asar naji ya daina motsi. Noelene, hayaƙin murhu ne ya sa idona ruwa, kar kiji wani ya faɗa miki daban.

Sai ga ƙarar tarakta. Rhonda ce, taɓo har wuya. Sabon titi na ƙarƙashin ruwa, ta zagayo ta tsohuwar gada. Gadar kakan kakana! Na kalli Misis Tuckwell, tace in na buɗe baki zata jefe ni da buta.

Rhonda ta ɗiga masa madara a baki. Shiru. Ta ƙara. Sai ya cafke yana tsotsa kamar ni da kwalbar giyar ran Juma'a! Ya rayu, Noelene!

Saura rigar. Ya shige cikin dogon hannun nan ya ƙanƙame, an ja an ja yaƙi fita. Rhonda tace bata taɓa samun jakar raino da ta kai wannan ba, ta tafi da shi har rigar. Ta tambayi wa ya saƙa, nace matata, kuma ni na zaɓo matar da kaina.

Yanzu ga ni ina rawar ɗari a garin mutane. Don Allah ki saƙa min wata, ruwan ɗorawa. Kar ki gyara hannun.

Naki, baban wombat,
Clarrie