Katakon da Aka Ɗaura wa Keken Ɗinki

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara maka juriyar zaman nesa, ya sa albarka a nemanka. Mu nan kalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a tsaye, ba daga kan gado ba.

Dalilin rubuto maka shi ne maganar ɗanka Dogo, wanda ka bari a hannun Kawu don makaranta ta fi kusa da gidansa. Gara ka ji daga bakina kafin labarin ya iso ka a karkace.

Ka san aikina na duba wuraren sana'a. Shekara tara ina yinsa, kuma tuni na daina tambayar yara shekarunsu, domin duk wanda ka tambaya, ko haƙoransa ba su gama fitowa ba, zai ce maka sha takwas. Ƙasa nake kallo. A shagunan ɗinkin jakunkuna, ƙafar yaro ba ta kaiwa matakin keke, sai a ɗaura masa guntun katako da igiya. In an hango motarmu, akan kora yaran ciki, amma ba mai tuna kwance katakon. A wani taro da muka yi da masu irin aikinmu daga ƙasashe daban-daban, kowa ya ce haka abin yake a wajensu: doka tana nan a takarda, yara suna nan a bayan ƙofa.

Ranar Talata aka tura mu layin su Kawu, ni da abokin aikina. Kawu ya tarbe mu da fara'a a shagonsa na ɗinki, har da sa a kawo mana kujeru. Keke goma sha biyu ne a shagon, huɗu babu kowa a kai, kuma duk huɗun da katako. Na taɓa ɗaya na ji shi da ɗumi. Na buɗe ɗakin ajiya, sai ga yara huɗu tsugune a bayan dilar yadi. Na ƙarshensu ya miƙe ya gaishe ni, ya kira ni Gwaggo, a kan kunnen abokin aikina.

Ba zan ɓoye maka ba, da ni kaɗai ce, ban san abin da zan yi ba. Na rubuta rahoto kamar yadda nake rubuta na kowa, aka rufe shagon na wata ɗaya. Kawu ya ce sana'a yake koya wa yaron, kuma shi ma a haka ya tashi. Na ce masa koyon sana'a bayan an tashi makaranta daban, zama a kan keke daga safe zuwa magariba daban. Malamin ajinsu ya nuna mini rajista: wata bakwai rabon Dogo da aji. Inna ta ce na tozarta ƙaninta a bainar jama'a, kwana uku ke nan ba ta amsa gaisuwata sai da ka.

Yanzu yaron yana wurina. Sai dai Kawu ya aiko cewa a hannunsa ka ba da amana, ba a hannuna ba, kuma ranar da aka buɗe shago zai zo ya ɗauke shi. Dokar da nake aiki da ita tana iya rufe shago, amma ba ta iya hana kawu ɗaukar jikansa. Kalmarka ce kaɗai za ta raba wannan. Ka rubuto, da hannunka, inda kake so ya zauna.

Jiya na mayar da shi makaranta. Shugabar makarantar tana cike takarda, ta tambaye shi shekarunsa. Ya sunkuyar da kai ya ce sha takwas. Yaya, ni na goya yaron nan. Sha ɗaya zai cika a watan gobe.

Inna tana gaishe ka, Auta da mijinta ma haka. Dogo ya ce a gaishe da Baba. Ka gai da maigidanka da duk abokan zama.

Ƙanwarka mai jiran amsa.